Kwanon da Maharazu Bai Buɗe Ba

Ta kafar ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida Marwa take kallon hannunsa.

Rawa yake yi...

Hannun Maharazu, maɗinkin da duk Magariya ta sani da zura zare a allura yana hira, shi ne yau ya kasa riƙe carbi.

"Wayyo Allah na," ta faɗa a ranta, "bai ci komai ba!"

Yau ce ranar da ta shekara tana jira. Mahaifinta, Malam Bawa, ya ce shi ba ya ba da 'ya ga wanda bai gani da idonsa ba, shi ya sa Maharazu ya taso daga Magariya tare da kawunsa Mamuda suka zo Dungas gaisuwa. Mota ta lalace musu a hanya, ba su iso ba sai bayan azahar. Aka kai musu shinkafa da miyar zabo, da ƙwaryar fura mai sanyi. Kawu Mamuda ya ci, ya sha, ya yi hamdala. Kwanon Maharazu kuwa yana nan a rufe yadda aka ajiye shi.

Wane saurayi ne zai buɗe baki ya tauna a gidan da yake neman aure? Ai sai a yi shekara ana ba da labarinsa a bakin rijiya. Kowa ya san haka, kowa kuma da ke zauren yana yaba kunyar yaron.

Marwa kaɗai ta san abin da kunyar take yi masa.

Shekara biyu ke nan yana da ciwon sukari. Ita da mahaifiyarsa ne kawai suka sani, kuma sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Kullum da safe yana shan wata 'yar ƙwaya fara da aka rubuta masa a likita, kuma dole abinci ya bi bayanta. Da asubar yau ya aiko mata saƙon murya: "Marwata, hasken idona, na sha maganina, mota za ta tashi. Zan karya a hanya, kar ki damu."

Bai karya ba. Ga shaida nan a goshinsa, gumi na tsatstsafowa kamar an yayyafa masa ruwa.

"Yaro," in ji Malam Bawa, "na ce wurin ɗinkin naka a kasuwa yake ko a cikin gari?"

Kan Maharazu na sunkuye.

"Da kai ake, Maharazu," Kawu Mamuda ya taɓa gwiwarsa.

Maharazu ya ɗago kai, idanunsa na yawo. Harshensa ya yi nauyi.

"Zaren... ina zaren... Ku bar ni mana! Ku bar ni!"

Malam Bawa ya gyara zama a kan buzunsa.

"Ni kake ce wa in bar ka?"

Sai ga dariya daga bakin ƙofa. Muttaƙa ne, ɗan wan Malam Bawa, wanda ya shekara uku yana bin Marwa tana ce masa ita yaya ta ɗauke shi.

"Baba, ai na gaya maka ba ka yarda ba! Na sa an bincika mini a Magariya. Kullum safiya sai ya afa ƙwaya kafin ya hau keke. Ɗan tramol ne!"

Ya tako ya cusa hannu a aljihun Maharazu, ya zaro 'yar ledar maganin, ya ɗaga sama.

"Ga ta nan!"

Marwa ba ta san lokacin da ta kwasa a guje ba. Ta faɗa ɗakin mahaifiyarta, ta jawo gwangwanin sukari, ta dumbuza a moɗa ta zuba ruwa, tana motsawa da yatsa. Inna Gaji ta cafke gefen zanenta.

"Ke! Ina za ki?"

"Zaure, Inna..."

"Zauren maza? Kin haukace? Ko mayafi babu a kanki!"

"Inna, ki sake ni, zai mutu!"

Ta fizge.

Ta durƙusa a gabansa, a gaban mahaifinta, a gaban baƙo. Shi da kansa ya taɓa koya mata: in idonsa biyu kuma yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi, in ya suma, kar a ɗura masa komai, a ruga da shi likita. Idonsa biyu.

"Yaya Maharazu... kalle ni. Ni ce. Sha... haɗiye, don Allah haɗiye..."

"Marwa!" muryar Malam Bawa ta cika zauren. "Fice mini daga nan!"

Ba ta motsa ba. Hannunta ɗaya na tallafe da ƙeyarsa, ɗayan na riƙe da moɗa, hawaye na ɗiga a kan rigarsa. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. A hankali rawar hannun ta lafa, idanunsa suka dawo suka tsaya a kan fuskarta. Ya dubi mahaifinta da ke tsaye yana huci, ya dubi maganinsa a hannun Muttaƙa, ya fahimci komai.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Ya girgiza mata kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

Ta haɗiye maganar.

"Malam Mamuda," in ji Malam Bawa, murya a sanyaye, "mun gode da tattaki. Ka ɗauki ɗanka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

*

Rantsuwar ba ta kai la'asar ba. Marwa ta kifa kanta a cinyar mahaifiyarta ta fashe.

"Inna, wallahi ba ya shan kayan maye! Magani ne. Ciwon sukari gare shi. Ya sha maganin bai ci abinci ba, shi ne sukarin jikinsa ya faɗi..."

Ta ɗauka Inna za ta yi ajiyar zuciya. Maimakon haka sai ta ji cinyar ta sandare.

"Me kika ce yana da shi?"

"Ciwon su..."

"Kar ki ƙarasa!" Inna Gaji ta ture kanta ta miƙe. "Ciwon da ya ci ƙafar ƙanena Sirajo, ya ci idonsa, sannan ya cinye shi ɗungurungum? Ni na yi jinyarsa wata goma sha ɗaya! Ni na san warin ɗakin nan! Shi ne zan ɗauki 'yata in kai ta ta zama mai wankin miki tun ba ta cire lallen aure ba?"

"Inna, shi yana shan magani..."

"Da ma ƙwayar ce, da an yi masa addu'a ya daina. Wannan fa? Wa ya taɓa dainawa?"

Marwa ta ja jiki zuwa bayan ɗaki. Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Maharazu. Ta kara a kunne.

"Marwa..." muryarsa ta dushe. "Na tozarta a gaban mahaifinki, na tozarta ki. Maganin da zai sa in ɗaga wa surukina murya ba magani ba ne. Na watsa shi a kwata. Ba zan sake sa shi a bakina ba. Ki yafe mini, zuciyata..."

"A'a! A'a, Yaya..."

Ta danna za ta amsa, sai inuwa ta rufe ta. Malam Bawa ya miƙo hannu. Ta ɗora masa wayar, ya jefa a aljihu ya wuce.

*

Sati biyar.

Sati biyar tana daka, tana ɗebo ruwa, tana tankaɗe, da magana ɗaya a ƙirjinta wadda ba ta da hanyar aikawa: koma ka sha maganinka. An hana ta kasuwa, an hana ƙawayenta shigowa. Inna ta gaya wa Baba gaskiyar ciwon, amsarsa ɗaya: "Ko maye ko ciwo, ya ce in bar shi, na bar shi." Tun daga ranar, in ta gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Duk motar da ta taso daga Magariya ta wuce ta bayan gidansu, sai Marwa ta tsaya da taɓarya a hannu har ƙarar ta ɓace.

Muttaƙa kuwa ya samu fili. Kullum yana tafe, yau turare, gobe atamfa.

"Ƙanwata, har yanzu zaman makokin ake?"

"Yaya Muttaƙa, ka ji tsoron Allah. Ka san ƙarya ka yi masa."

"To na ji, ba tramol ba ne. Sai me? Kin san abin da ake cewa game da masu ciwon nan? Sunansu maza, amma sai dai hula da riga." Ya kwashe da dariya. "Ina tausaya miki ne. Ga lafiyayye a gida, kina hangen wanda ruwan sukari ke tayarwa kamar ɗan akuya."

Ta ɗauki turaren ta ajiye masa a bakin ƙofa.

"Ɗan akuyan ya fi ka kunya."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma tana shiga ɗaki ta kifa kanta a kan gado. Me kunyarsa ta tsinana masa? Me tata soyayyar take tsinana masa yanzu, tana nan zaune kamar an ɗaure ta a turke?

A sati na shida yayar Marwa da ke aure a Magariya ta haihu. Babu yadda za a je suna a bar ƙanwar mai jego a gida. Malam Bawa ya kira Inna Gaji: "Ƙafarki ƙafarta."

Ranar suna da hantsi, gida ya cika da mata, ana ta guɗa ana rabon goro. Marwa ta ja mayafi ta sulale.

Atiliyen Maharazu, shagon ɗinkinsa, na nan inda yake, kusa da masu sayar da igiya. Amma keke a rufe yake da tsumma. Wanda ke zaune a benci ya jingina da bango, da ƙyar ta gane shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Leɓensa ya bushe ya tsage. Gefensa ga buta, ga kofin shayi, ga wata gorar roba cike da baƙin ruwa.

"Yaya Maharazu..."

Ya ƙanƙance ido.

"Wace ce?"

Kalmar ta soke ta har ƙashi.

"Ba ka gane ni ba?"

"Marwa? Marwata!" Ya yunƙura zai tashi ya koma. "Hazo nake gani, masoyiyata. Kwana goma ban zura zare ba. Amma ina samun sauƙi, wani mai magani ya haɗa mini jiƙo, ya ce kwana arba'in ciwon zai fita ta fitsari. Kuma yana fita, wallahi, ko barci ba na yi don zagayawa..."

"Wannan shayin fa?"

"Tun ranar nan nake tsoron in sake faɗuwa. Ruwan sukarinki ne ya tashe ni. Shi ne nake sha da zaƙinsa, kar ta sake faruwa."

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Na shiga uku... ni na kashe ka! Yaya, ranar sukarinka faɗuwa ya yi, yau kuwa hawa yake yi! Tashi mu tafi likita!"

"Ba zan koma ba. Su suka ba ni abin da ya raba ni da ke."

"Don Allah... don soyayyar da kake yi mini..."

"Marwa, na ce ba zan je ba."

Ta durƙusa, ta yi kuka, ta roƙa da sunan mahaifiyarsa. Ya juyar da kai, hawaye na bin kuncinsa, amma bai motsa ba.

"Don ubanki, nan kika zo?"

Inna Gaji ce a bakin ƙofa, tana haki, mayafi ya zamo kafaɗa. Ta tako za ta fizgi Marwa, sai ta tsaya cak. Hancinta ya motsa. Ta sunkuya ta ɗauki gorar, ta buɗe, ta shinshina.

Gorar ta suɓuce daga hannunta, baƙin ruwan ya malale a ƙasa.

"Wa ya ba ka wannan?"

Maharazu ya sunkuyar da kai. "Inna, ina wuni..."

"Ban tambaye ka wuni ba! Ina maganinka na likita?"

"Na... na bari."

Inna Gaji ta zauna daɓas a kan buhun ƙyalle. Marwa ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta haka ba.

"Sirajo ma yana shan na likita," ta ce, kamar da ƙasa take magana. "Shekara huɗu yana sha, yana noma, yana hawan amalanke. Ni na ce masa, har yaushe za ka zama bawan ƙwaya? Ni na je kasuwar Bande na sayo masa irin wannan. Ni na kwashe maganinsa na ɓoye a cikin tukunya don kar ya haɗa biyu..." Ta dubi baƙin ruwan da ya malale. "Shekara tara ina cewa ciwo ne ya kashe shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Malam bai sani ba."

"Inna..." Marwa ta kama hannunta.

Inna ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙe ta tsaya a kan Maharazu.

"Kai! Tashi!"

"Inna, ni..."

"Ban ba ka 'yata ba, kar ka ɗauka na ba ka. Amma ba za ka mutu ina kallo ba. Na kalli ɗaya, ya ishe ni. Marwa, tsayar mana da kabu-kabu!"

*

Majo Zulai, babbar ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu ciwon sukari, ta soki yatsarsa ta kalli na'ura, ta cire tabarau ta dube shi.

"Maharazu, randebu biyu, ranakun da aka sa maka na dubawa, ba ka zo ba. Da ka ƙara sati guda da a kwance za a kawo ka."

"Madam, maganin ne ya kayar da ni a gaban mutane."

Marwa ta ba ta labarin ranar daga farko. Majo ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Yunwa ce ta kayar da kai. Irin wanda kake sha yana sauke sukari ko ka ci ko ba ka ci ba. Na gaya maka tun farko, kar ka haɗiye shi sai abinci na gabanka."

"Mota za ta tashi ne, Madam. Da muka isa kuma... gidan surukai..."

"Gidan surukai!" Majo ta tafa hannu. "Kai ne na uku a bana. Ɗaya gidan surukai, ɗaya zaman makoki, ɗaya azumin nafila bai shawarci kowa ba. Ciwon nan bai san kunya ba, ɗana. Dabino uku a aljihu sun gagare ka? Ka ce za ka kama ruwa, ka zagaya ka ci, wa zai bi ka? Kuma ranar da ka faɗi, da ka farfaɗo sai ka ci abinci ka zo nan a duba ka, mu ga ko a rage ko a sauya. Sai ka yanke wa kanka hukunci!"

"Idon fa?" Marwa ta tambaya. "Zai dawo?"

"Ina sa rai, in sukarin ya sauka. Amma sai likita ya duba. Yau kwana zai yi a nan." Ta dubi Inna Gaji. "Ke ce mahaifiyarsa?"

Inna ta gyara mayafi.

"A'a. Wucewa nake yi."

*

Malam Bawa bai sauko da wuri ba. Abin da Inna Gaji ta gaya masa a ɗaki, Marwa ba ta ji ba. Ta dai ga ya fito ya daɗe zaune a gindin itacen bedi bai taɓa goronsa ba. Da Muttaƙa ya zo da sabon zance, sai Malam Bawa ya ce masa, "Kai da ka sa hannu a aljihun baƙona a zaurena, ka ba ni wuri tukuna."

Sannan ya kafa sharaɗi: wata huɗu. Duk ƙarshen wata Kawu Mamuda ya kawo masa karnen likita, ɗan littafin da ake rubuta zuwan Maharazu, ya ga hatimin majo da idonsa. In aka tsallake randebu ɗaya, magana ta mutu.

Wata huɗu Marwa ba waya, ba saƙo, ba abin da za ta iya sai addu'a. Duk ƙarshen wata tana laɓe a bayan ƙyaure. Sai ta ji sallamar Kawu Mamuda a zaure, ta ji Baba yana juya takarda, sannan ta ji ya ce "To, madalla," kafin numfashinta ya dawo.

A wata na uku Kawu Mamuda ya zo da ƙunshi, ya ce a ba Inna. Riga ce, an yi mata aiki a wuya da siririn zare, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Inna ta juya ta, ta kai kusa da ido, ta miƙa wa Marwa.

"Makaho bai yi wannan ba."

Marwa ta rungume rigar ta shige ɗaki tana kuka da dariya a haɗe.

Bayan an gama kai gero rumbu aka ɗaura aure.

Da yamma mota ta tsaya a ƙofar gida za a kai amarya Magariya. Aka kai Marwa gaban mahaifinta, lulluɓe, tana shesheka. Fiye da wata biyar rabon da ya kira sunanta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Marwa... ranar nan da na ce ki fita kika ƙi, na yafe. Allah ya yi miki albarka."

Kukanta ya ƙaru har sai da aka riƙe ta.

Gwaggwanni suka kewaye ta da nasiha, kowace da tata: ki yi haƙuri, ki bi mijinki, in ya ce bari ki bari, mace ba ta ɗaga murya. Inna Gaji ta jira sai da aka sa Marwa a mota. Sannan ta zura kai ta taga, ta ɗage mayafin, ta kai baki kunnen 'yarta.

"Kin ji duk sun ce ki yi haƙuri?"

"Na ji, Inna..."

"To ki yi, a kan komai. Amma ranar da ya ce miki ya gaji da magani, ko wani ya kawo masa gora, kar ki yi haƙuri. Ki tsaya a tsakar gida ki ɗaga murya har unguwa ta taru. In ya yi fushi, ki aiko mini, in zo mu ɗaga tare."

Ta sauke mayafin, ta bubbuga ƙofar motar.

"Direba, ja ku tafi."